Ranar Fitar Barkono

Ranar Asabar soja suka miƙa mulki, ranar Lahadi da hantsi Malam Isiyaku bakanike ya sa aka fasa katangar gidansa. Bai yi shawara da kowa ba. Magina biyu ya kira, ya shata musu da gawayi inda za su sara, ya koma gefe ya tsuguna yana kallo. Kafin rana ta take tsaka, mutanen wannan lungu na Mandawari suka ga abin da suka shekara goma sha biyar suna jin gurnaninsa ta bayan katanga.

Mota ce ƙirar Italiya, mai kujera biyu, babu rufi, ja wur, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi turɓaya. Dattawan unguwa sun san ta tun tana yawo, Barkono suke ce mata. Samari kuwa labarinta kawai suke ji, har akwai masu rantsuwa cewa injin markaɗe ne Malam Isiyaku yake tayarwa duk Juma'a, ya rufe ƙofa don kada mata su kawo masa ƙullu.

Asalinta ta wani injiniya ce ɗan Italiya, wanda Isiyaku ya yi wa kanikanci shekara tara a kamfanin gina titi. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita a mace, inji ya buga, ya ce in ya iya tashinta ta zama tasa. Ya kuwa tashe ta. Kuskurensa ɗaya ne: a zaɓen tamanin da uku wani ɗan takara ya roƙe shi aron ta, aka yi ta zagaya gari da ita ana kiɗa. Da soja suka karɓe mulki suka tsare ɗan takarar, sai wani manjo ya ce ai motar tana cikin kayan mutumin, a kawo ta. Sau biyu ana zuwa garejinsa a Ƙofar Ruwa ba a same shi ba. Bai jira na uku ba. Ya shigo da ita lungu, ya fasa katanga, ya ajiye ta a tsakar gida, ya mayar da gini. A ranar ya ɗauki alkawari, matarsa 'Yardada ce shaida: Barkono ba za ta sake taka kwalta ba sai soja sun koma bariki, kuma in za ta fita da ƙafarta za ta fita, shi a kan sitiyari, kuma babu wani mai mulki da zai sake zama a kujerarta.

Ya zaci shekara biyu ce, ko uku.

To, bakanike da mota a tsakar gida, hannu ba ya zama. Da ya gaji da goge ta sai ya sauke inji, ya kai aka rarake shi, ya sa manyan fistin. Ya cire kafireta ɗaya ya ɗora biyu, ya yi wata huɗu yana saurarensu da kunne kafin numfashinsu ya zo ɗaya. Salansar fitar da hayaƙi da hannunsa ya lanƙwasa ta. Birki ya ciro na wata babbar mota ya rage masa jiki. Daga baya ya samo tayoyi masu faɗi, suka ƙi shiga ƙarƙashin madigadi, shi ne ya yi shekara biyu yana bugun ƙarfen da 'yar guduma, kaɗan-kaɗan, har ya buɗa mata kafaɗa da kwankwaso. Fenti kuwa sau bakwai ya shafa, yana gogewa yana sakewa. Ita kuma 'Yardada ta mayar da murhunta bayan ɗaki, ta koyi shanya a rabin igiya, ta daina ƙorafi tun a shekara ta huɗu.

Duk wannan faɗin da ya ƙara mata ba da ka ya yi ba. Ranar da ya shigo da ita ya yanki gora daidai faɗin lungun a inda ya fi matsewa, ya rataye ta a zaure. Duk bugun da zai yi wa madigadi sai ya sauko da gorar ya gwada, ya bar rarar yatsa biyu hagu, biyu dama. Mutum ne mai awo, a Ƙofar Ruwa ma da haka aka san shi.

Da magina suka kwashe ƙasa, ya zuba man da ya saya a jarka wurin 'yan bumburutu, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali, Barkono ta sako hanci cikin lungu, mutane suna ja da baya suna mannewa da bango. Taku arba'in ne daga ƙofarsa zuwa bakin titi. Ta ci talatin lafiya lau.

Saura goman nan ne matsatsin. Hagu bayan ɗakin Hajiya Indo ne, tsohuwar da ta girme shi da shekara goma, ginin ƙasa tun na mijinta marigayi. Dama kuwa sabuwar katangar bulo ce, fara tas, ta Jibrin, yaron da aka haifa a gaban idonsa, wanda yanzu ya ci kansila. Isiyaku ya matso, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya taka birki. Idonsa ya gaya masa abin da bai so ji ba. Ya kashe mota ya fito, ya koma zaure ya ɗauko gora.

Ya gitta ta a matsatsin. Ta ƙi shiga.

Ya juya ta, ya gwada ƙasa, ya gwada sama, kamar gora tana da wani tsawon a ɓoye. Sannan ya auna motar ya auna lungun. Barkono ta fi hanyar da yatsa uku.

"Gorar ce ta yi tsiro, ko lungun ne ya rame?" in ji wani daga cikin 'yan kallo. Aka yi dariya. Isiyaku bai ɗago ba.

Hajiya Indo ta fito tana dogara sanda, ta dubi gorar, ta dubi mai gorar.

"Isiyaku, yaushe ka yanki wannan abin?"

"Ranar da na shigo da ita, Yaya."

"Tun daga ranar ba ka sake gwadawa ba?"

"Lungun da nake bi sau biyar a rana zuwa masallaci? Me zan gwada?"

"Kai da ake cewa mai awo." Ta buga bangonta da sanda. "Wannan duk shekara kafin ruwa ya sauka sai na sa an yaɓe shi da makuba. Kana wucewa kana yi wa magina sannu da aiki, bara ma har kwaɓi ka taya su. Yaɓe goma sha biyar, ɗaya a kan ɗaya. A ina kake zaton ƙasar take zama?"

Ya sa hannu ya shafa bangon. Ga shi nan ya yi tumbi kamar na mai gari, santsi luwai, kuma shi bai taɓa gani ba. Abin da yake girma a gaban mutum kullum, ido ba ya kama shi.

"Amma kada ka ɗora mini duka," in ji ta, ta nuna katangar dama da haɓa. "Wancan da ya rushe ginin ubansa ya sa bulo, ba a kan tsohon tushe ya ɗora ba. Sai da ya ɗan matso. Na yi magana aka ce tsufa ne."

Ana cikin haka Jibrin ya fito, shadda tana ƙara, mutum uku na bin sa a baya. Ya zagaya motar yana taɓa fenti da ɗan yatsa, ya durƙusa kaɗan ya gaida Isiyaku.

"Baba, ashe da gaske ne. Wallahi ina yaro na ɗauka mafarki na yi da na gan ta. Ai yau ranar farin ciki ce, mulki ya dawo hannunmu."

"Hannunku dai."

"Namu duka, Baba. Me ya tsayar da ita?"

Aka gaya masa. Ya dubi bangon Hajiya Indo, ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa abinci yana jin yunwa.

"Wannan ai ƙaramin abu ne. Gobe da safe in sa a kawo katafila ta ture bangon nan, dama tsohon gini ne, daga baya a yi wa Hajiya na bulo. Lungu ya buɗe, kowa ya huta, mota ta riƙa shigowa har ƙofar gida."

"Motar wa?" in ji Hajiya Indo.

"Ta kowa, Hajiya."

"Mu nan masu mota biyu ne, ga ɗaya a tsaye, ga ɗaya yana magana."

Jibrin ya yi kamar bai ji ba. Ya rage murya, ya matso kusa da Isiyaku.

"Abu ɗaya kawai, Baba. Ranar Talata za a rantsar da mu. Ka ɗauko ciyaman a cikinta daga wurin taro zuwa gida, kai za ka tuƙa, ba wanda zai taɓa maka sitiyari. Zagaye ɗaya. Garin nan kaf sai an yi maganarta."

"Wancan karon ma zagaye ɗaya aka ce mini."

"Wancan zamani ya wuce."

"Ni ma haka na ji a rediyo."

"Baba, ka duba fa. Ta toshe hanya. Hukuma ba za ta bar mota a tsakiyar lungu ba, in aka yi rasuwa ta ina za a fita? Ko ka yarda a buɗe, ko ta koma inda ta fito, ko kuma a zo a ɗauke ta, a ajiye a ofis har a ga yadda za a yi."

Isiyaku ya dube shi. Ya tuna yaran manjo, su ma a saƙon da suka bar masa ba su ce ƙwace ba, ajiya suka ce.

Daga can baya, ta inda aka fasa katanga, muryar 'Yardada ta taso.

"Malam, ba za ta dawo mini tsakar gida ba fa. Na riga na share wurin, na mayar da turmina."

Lungun ya ɗauki dariya, har da mutanen Jibrin. Shi dai Jibrin ya kaɗa riga ya ce yana nan zaure, Baba ya yi tunani kafin la'asar.

Aka kira azahar. Masu zuwa masallaci suka riƙa raɓawa ta gefen motar suna tattare riguna. A hanya kowa da shawararsa. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce a kwance ta, a fitar da inji daban, a kishingiɗa gangar jikin a ɗauka mutum goma, a haɗa a bakin titi, kwana uku an gama.

"Gawa ake fitarwa a kafaɗa," in ji Isiyaku. "Wannan da ranta."

Wani ya ce a kankare yaɓen Hajiya yatsa uku, ai ƙasa ce. Isiyaku ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa tun jiya, saura bai fi kwana biyu ba ruwan farko ya sauka. Bangon ƙasa in aka fere masa fata a bakin damina, ruwa ya samu ƙofa, kafin Agusta ɗakin ya zauna. Ya sani, ita ma ta sani, don da ya dawo daga salla ya tarar ta sa an fito mata da kujera 'yar tsugunno, ta zauna a ƙarshen bangonta, sanda a kan cinya.

"A ɗakin nan na haifi tara, a cikinsa aka yi wa mijina wankan gawa," in ji ta. "In za ka taɓa shi ka fara da ni."

"Yaya, ko ƙwayar ƙasa ba za ta faɗo ba. Ki dai matsa daga nan, don Allah, ki koma bakin titi."

"Me za ka yi?"

"Fita."

Ya ɗauko sukundireba ya cire madubin dama ya sa a aljihu. Sannan ya tsuguna a gefen daman, ya bi madigadin gaba da tafin hannu, ya bi na baya. Babu inda bai san bugunsa ba. Nan ne ƙarfe ya tsage a shekarar da aka soke zaɓe, ya yi walda ya sake. Nan ne ya bugi babban yatsansa har farce ya fita. Fuskarsa tana kallon sa daga cikin fentin, da farin gemun da babu shi ranar da motar ta shiga gida. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Ya shiga ya tayar. Ya karkata ta dama, ya fito da hannun hagu ta saman ƙofa, ya sa yatsunsa huɗu tsakanin ƙofar da bangon Hajiya Indo. Ya san muddin yatsun nan suna shiga, madigadin hagu bai taɓa ƙasa ba. In kuma motar ta zame, su za ta fara ci kafin ta kai ga bango. Sitiyari ya riƙe da dama, ya saki kuloci.

Ƙarar da ta fara fitowa kamar ana wasa wuƙa a dutse ce, sannan ta koma kukan da ke sa haƙora tsami. Madigadin dama ya kama katangar Jibrin, ya lotsa, fenti yana tashi kamar ɓawon albasa. Farar filasta ta fara zuba. Ƙarƙashinta bulo ne da yashinsa ya fi siminti, shi ma ya shiga marmashewa. Mata suka leƙo ta kan katangu. Jibrin ya fito a guje ba hula.

"Baba, tsaya. Baba, katangata ce fa."

Isiyaku bai waiga ba. Idonsa yana kan yatsunsa, ƙasar bangon tana gogar bayansu, sanyi-sanyi. Gaban motar ya wuce. Saura kwankwaso, wanda ya fi faɗi. Da ya iso sai motar ta cije, ta tsaya cak, inji yana kuka. Ya ji warin kuloci. Shekara goma sha biyar yana tayar da injin nan a tsaye, bai taɓa ɗora masa nauyin komai ba, bai san abin da ke cikinsa ba sai a lissafi. Ya ce a ransa, to, yau ce. Ya danna totur.

Kafiretocin biyu suka buɗe baki. Tayoyin baya suka tona ƙasa, hayaƙi ya cika lungu, wani abu ya yage da ƙarfi a dama, Barkono ta yi tsalle ta faɗo kan kwalta. Ya taka birki ta tsaya kyam a gaban mai shayi.

Ya duba hannunsa. Bayan yatsun ya saɓule, jini yana tsattsafowa. Ya fito ya koma bakin lungu, bai ko kalli motar ba tukuna. Bangon Hajiya Indo yana nan sumul. A jikin farar katangar kuwa ga kwarmi tun daga farko har ƙarshe, daidai gwiwa, da jan layi a cikinsa.

Jibrin yana tsaye yana huci.

"Baba, ka san abin da ka yi? Wannan ɓarna ce. Gobe sai an zo an gani."

"A zo. Ka ce su taho da magini ya tono tushen gidan mahaifinka, a ja igiya. Duk abin da na goge a cikin naka, ni zan gyara da hannuna. Abin da ya fito waje kuwa hanya ce, Honarabul, kuma hanya na bi."

Jibrin ya dubi mutanen da suka taru, ya ga ba katangar suke kallo ba, gindinta suke kallo. Ya juya ya shige gida.

Hajiya Indo ta je ta shafa bangonta daga sama har ƙasa, ta dawo ta zauna.

"Da ka sake awo tun bara, da ba ka yi wa baiwar Allah wannan aika-aika ba," in ji ta.

Sai a lokacin ya zagaya ya ga gefen daman. Tun daga fitila har wutsiya babu ja, sai farin ƙarfe a tattare kamar tsohuwar takarda. Leɓen madigadin baya ya yage yana lilo. Ya kama shi ya murɗe ya jefa bayan kujera, ya tsuguna ya duba taya. Ba ta ji komai ba.

Yana miƙewa ya ga 'Yardada tana fitowa daga lungu, ta yafa mayafin da take zuwa biki da shi, takalmi a ƙafa.

"Ina zuwa?" ya tambaye ta.

"Shekara goma sha biyar ina share ƙarƙashinta. Ka ce mai mulki ne ba zai hau ba, ni me nake mulka?"

Ya ja ƙofar dama, ta ƙi buɗewa, ta manne da jiki. Dole ta shiga ta wajen direba, ta tsallake giya tana tattare zane tana salati, 'yan kallo suna yi mata a sauka lafiya. Ta yage bakin tsumman goge mota ta ɗaure masa yatsu.

Cikin gari a hankali ya bi, yana kauce wa ramuka da 'yan acaɓa, kunnensa yana kan inji. Masu zama a bakin shaguna suna miƙewa. Waɗanda ke hagu suna ganin mota kamar yau aka sauke ta daga jirgi, na dama suna kama baki. Da suka fita Ƙofar Kabuga suka miƙi hanyar Gwarzo, motoci suka ragu, hadarin yana bayansu. Ya sa giya ta uku, ya sa ta huɗu. Sitiyari bai yi rawa ba, allurar zafi tana tsakiya. Iska ta fizge masa hula ta yi gaba da ita, bai ko rage ba.

'Yardada ta danne mayafi da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe ƙofar da ta manne. Ta ɗaga murya don ya ji.

"Malam, iyakar gudun nata ke nan?"

Ya dube ta, ya dubi titin da ya miƙe babu kowa a kai.

"Saura giya ɗaya."

"To me kake jira?"

Ya taka kuloci, ya sa.